Ya Gama Zaman Kaso, Ƙuri'arsa Na Nan a Tsare: Yadda Lamarin Yake a Amurka

A ranar 30 ga Mayu 2024, wata kotu a New York ta sami Donald Trump da laifi a kan tuhuma 34, dukkansu kuwa a sahun manyan laifuka suke. Bayan wata biyar da 'yan kwanaki, ranar 5 ga Nuwamba, ya shiga rumfar zaɓe a Palm Beach ta jihar Filorida ya kaɗa ƙuri'arsa. Babu wanda ya ce masa kanzil, domin doka ta ba shi dama. A wannan jiha, a wannan rana, akwai dubban ɗaruruwan mutanen da suka daɗe da gama zaman gidan yari amma ba su da halin taɓa takardar ƙuri'a.

A jihar Teksas kuma, wata mata mai suna Crystal Mason ta je zaɓen 2016 bayan ta fito daga ɗaurin da aka yi mata kan laifin da ya shafi haraji. Ba a ga sunanta a rajista ba, sai ma'aikacin zaɓe ya ba ta ƙuri'ar wucin gadi, irin wadda ake ajiyewa gefe sai an tantance mai ita. An tantance, an ga har yanzu tana ƙarƙashin sa idon hukuma, ba a ma ƙirga ƙuri'ar ba. Duk da haka a 2018 aka yanke mata ɗaurin shekara biyar. Ta ce ba ta san an hana ta ba. Sai a Maris 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta wanke ta, mai gabatar da ƙara kuma bai haƙura ba, ya sake ɗaukakawa.

Mai karatu zai ce ai wannan bambancin mai shi da marar shi ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba shi ke nan ba. Ko talaka ne aka kama da laifin Trump a New York, da ya yi zaɓe a Filorida. Abin da ya raba su shi ne dokar jihar da ta shafi kowannensu, kuma daga nan ya kamata a soma bayani.

Amurka ba ta da hukumar zaɓe guda da ke riƙe da rajistar ƙasa kamar INEC a Najeriya. Kundin tsarin mulkinsu ya bar wa jihohi ikon faɗin wanda ya cancanci zaɓe, ƙananan hukumomi kuma su ke gudanar da aikin. Ko kotun tarayya ce ta ɗaure mutum, dokar jihar da yake zaune ita ke cewa zai yi zaɓe ko ba zai yi ba, har da zaɓen shugaban ƙasa. Filorida tana da ƙa'ida cewa wanda aka hukunta a wata jiha, dokar can ake dubawa. Ita kuwa New York tun 2021 ba ta hana kowa zaɓe sai wanda ke cikin gidan yari a lokacin. Trump ba ya ciki, magana ta ƙare.

Babban laifi a wurinsu, a taƙaice, shi ne wanda hukuncinsa kan iya wuce ɗaurin shekara guda. Jin an ce babban laifi sai hankali ya tafi ga kisan kai da fashi da makami, alhali jerin ya fi haka faɗi nesa: mallakar ƙwaya, takardar banki ta jabu, maimaita tuƙi cikin maye, sata idan ta kai wani adadi. Shi ma adadin kowace jiha da nata. A New Jersey satar abin da ya kai dala 200 ta isa, a Teksas sai ya kai dala 2,500. Wayar salula guda ke nan za ta iya raba mutum da ƙuri'arsa a wata jiha, a wata kuma ta tsaya a ƙaramin laifi. Sannan fiye da kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukuncen nan ba a kai ga cikakkiyar shari'a. Ciniki ake yi tsakanin lauya da mai gabatar da ƙara: ka amsa laifi a sassauta maka. Wanda ke neman ya koma wurin iyalinsa a daren nan, da wuya zancen ƙuri'a ya faɗo masa a rai lokacin da yake sa hannu.

Zuwa 2024, jihohin sun kasu kamar haka. Maine da Vermont, da babban birnin tarayya Washington, ba sa karɓe ƙuri'ar kowa, fursuna na zaɓe daga ɗakinsa ta hanyar aikawa da wasiƙa. Jihohi 23 suna hana mutum muddin yana ciki, ranar da ya fito ƙuri'arsa ta dawo. Wasu 15 sai ya gama har da zaman talala, wato lokacin da yake gida amma yana kai kansa wurin jami'in da ke sa masa ido, abin da kan ɗauki shekaru. Goman da suka rage su ne masu tsanani: ko an gama komai, wasu laifukan kan hana mutum har abada, ko kuma sai ya nemi afuwar gwamna, ko ya cika wasu sharuɗɗa na daban.

Ƙungiyar Sentencing Project, wadda ta fi kowa bin diddigin wannan lissafi, ta ƙiyasta cewa a 1976 mutum miliyan 1.17 ne abin ya shafa. Da aka shiga zamanin yaƙi da ƙwaya da tsaurara hukunci, gidajen yari suka cika, adadin ya yi ta hawa har ya kai miliyan 6.1 a 2016. Daga nan ya soma sauka saboda gyare-gyaren da jihohi suka yi, ya dawo kimanin miliyan 4 a 2024. Abin lura shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na waɗannan ba a gidan yari suke ba. Suna gari, suna aiki, ana cire musu haraji, 'ya'yansu na makarantun gwamnati. A cikin baƙaƙen fata da suka isa zaɓe, ɗaya cikin 22 ne aka hana a 2024, ninki uku da wani abu na sauran jama'a.

Wannan bambanci na launin fata yana da tarihi, kodayake ba daidai ba ne a ce can aka ƙirƙiro dokar. Al'adar raba mai babban laifi da haƙƙoƙinsa na ɗan ƙasa tsohuwa ce, daga Ingila suka gaje ta, kuma jihohi da dama suna da ita tun kafin yaƙin basasa. Abin da ya faru bayan yaƙin shi ne an sami tsohon makami an wasa shi don sabon aiki. An haramta bauta a 1865. A 1870 aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 15, wanda ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa. Jihohin kudu, inda aka fi bautar da mutane, suka shiga neman hanyar da za su bi ta bayan gida: harajin zaɓe, jarrabawar karatu, da kuma jerin laifuka.

Dubi abin da Misisipi ta yi a kundinta na 1890. Ta lissafa laifukan da ke raba mutum da ƙuri'a har ƙarshen ransa: cin hanci, fasa gida, sata, sa wuta, damfara, rantsuwar ƙarya, buga jabu, almubazzaranci da dukiyar amana, da auren mace fiye da ɗaya. Kisan kai ba ya ciki. Fyaɗe ba ya ciki. Sai a 1968 aka ƙara su. Wato shekara 78 wanda ya kashe rai yana iya fitowa ya yi zaɓe, wanda ya saci kaya kuwa ba ya iyawa. Ba kuskure aka yi ba. Kotun ƙolin jihar da kanta ta bayyana a wata shari'a ta 1896 cewa masu rubuta kundin sun zaɓi laifukan da suke ganin baƙaƙen fata sun fi faɗawa ciki. Wannan sashe yana aiki har yau. Wanda ke son ƙuri'arsa ta dawo a Misisipi, ko dai gwamna ya yi masa afuwa, ko kuma a kai ƙudiri mai ɗauke da sunansa shi kaɗai gaban majalisar dokokin jiha, kashi biyu cikin uku na kowane zaure su amince. 'Yan tsiraru ne ke tsallake wannan siraɗi a shekara.

Alabama ta bi sahu a 1901 da wata ƙa'ida mai faɗi, ta laifukan da ke nuna lalacewar ɗabi'a, ba tare da ta ce ga su ga su ba. Shugaban taron rubuta kundin, John B. Knox, bai ɓoye ba cewa manufarsu ita ce tabbatar da fifikon farar fata. Sai a 2017 jihar ta yi dokar da ta jera manyan laifukan da ake nufi. Kafin nan jami'in rajista na kowace ƙaramar hukuma shi ke yanke wa kansa, laifin da ya hana wani a nan bai hana wani a can ba.

To ina kotun ƙolin ƙasa take? Hukunci biyu ne suka shata iyakar lamarin, kuma alƙali guda, William Rehnquist, ya rubuta su duka. A 1974 wasu mutum uku daga Kalifoniya da suka gama hukuncinsu suka yi ƙara, shari'ar da ake kira Richardson da Ramirez. Kotun ta duba gyara na 14 na 1868, wanda ya ce jihar da ta hana mazanta zaɓe za a rage mata kujeru a majalisar wakilai, amma ya yi togaciya ga waɗanda aka hana saboda tawaye ko wani laifi. Alƙalai shida cikin tara suka ce tunda kundin da kansa ya ambaci hana masu laifi, ba za a ce ya haramta shi ba. A 1985 kuma, a shari'ar Hunter da Underwood, kotun ta soke wani ɓangare na dokar Alabama, domin an tabbatar da niyyar wariya aka rubuta shi. Ma'anar hukuncin biyu a haɗe ita ce jiha na da ikon hanawa, sai fa idan an kama ta da mugun nufi a fili. Kama mugun nufi kuwa ba abu ne mai sauƙi ba. Da aka kai ƙarar dokar Misisipi, kotun ɗaukaka ƙara ta ce gyare-gyaren da aka yi wa sashen a 1950 da 1968 sun wanke dattin 1890, kotun ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a 2023, duk da kakkausan martanin mai shari'a Ketanji Brown Jackson.

Da ƙofar kotu ta rufe, sai lamarin ya koma hannun gwamnoni, inda ƙuri'ar mutum ke zuwa ta tafi bisa ga wanda ke kan kujera. A Kentucky, Steve Beshear ya mayar wa jama'a haƙƙinsu a Nuwamba 2015, wanda ya gaje shi, Matt Bevin, ya soke a Disamba, ɗan Beshear mai suna Andy, da ya zama gwamna, ya sake mayarwa a 2019 ga kimanin mutum 140,000. A Virginia, Terry McAuliffe ya yi wa sama da mutum 200,000 afuwa a takarda guda a 2016. Kotun ƙolin jihar ta ce ba a yin afuwa a dunƙule, sai ya koma sa hannu ɗaya bayan ɗaya, har ya kai wajen 173,000.

Amma duk mai son ganin yadda injin nan ke juyawa, Filorida zai duba. A zamanin gwamna Charlie Crist, daga 2007, an sauƙaƙa hanya, kimanin mutum 155,000 suka sami ƙuri'arsu. Rick Scott ya hau a 2011 ya ce sai mutum ya jira shekara biyar ko bakwai bayan gama hukunci kafin ma ya rubuta takardar roƙo. Kwamitin afuwa, wato gwamna da manyan jami'ai uku, sau huɗu yake zama a shekara. A shekara takwas na Scott, waɗanda suka dace ba su wuce kimanin 3,000 ba.

Cikin waɗanda aka hana akwai Desmond Meade. Ya yi shaye-shaye, ya yi kwanan titi, ya yi zaman kaso, daga baya ya shiryu har ya yi digirin lauya. A 2016 matarsa ta tsaya takarar majalisar jiha, shi kuwa ba shi da ikon zaɓenta. Ƙungiyarsa ta bi gida gida ta tara sa hannun da doka ke buƙata, sama da 760,000, aka sa batun a ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamba 2018. Ana buƙatar kashi 60 cikin 100, aka sami kusan 65. A jihar da aka raba Bush da Gore da ƙuri'a 537 kacal a zaɓen shugaban ƙasa na 2000, wannan ba ƙaramin rinjaye ba ne, kuma yana nuna 'yan Republican da yawa sun goyi baya. Gyaran ya ce duk wanda ya cika dukkan sharuɗɗan hukuncinsa ƙuri'arsa ta dawo, ban da masu kisan kai da laifukan lalata. An yi hasashen mutum miliyan 1.4 za su amfana.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A Yuni 2019 gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a wata doka da ta fassara cika sharuɗɗa da cewa sai an biya duk kuɗin da kotu ta ɗora: tara, diyyar wanda aka cuta, da kuɗin kotu. Wannan na ƙarshen shi ne matsala. Filorida na ɗaukar wani ɓangare na nauyin kotunanta da kuɗaɗen da take ɗora wa waɗanda ta hukunta, ko da alƙali ya san ba su da sisi. Idan mutum ya kasa biya aka miƙa bashin ga kamfanin karɓar bashi, ana iya ƙara masa har kashi 40 cikin 100. Wanda ya fito daga gidan yari da tabon da ke hana shi samun aikin kirki, ina zai samo dubban daloli?

Abin da ya fi wannan ɗaure kai shi ne a lokacin jihar ba ta da wuri guda da mutum zai je ya tambayi nawa ake bin sa. Bayanan suna warwatse a ofisoshin magatakardan kotu na ƙananan hukumomi 67, wasu shari'un na shekaru talatin baya ne, takardun sun ɓace ko alƙaluman sun saɓa wa juna. A Mayu 2020 alƙalin tarayya Robert Hinkle ya ce wannan tsari na biya kafin ka yi zaɓe ya saɓa wa kundin tsarin mulki ga wanda ba shi da halin biya. A Satumba kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncinsa da rinjayen shida da huɗu. Masu hali irin su Michael Bloomberg da ɗan ƙwallon kwando LeBron James suka shiga tara kuɗi ana biya wa mutane, amma ko mai son biya sai ya san adadin.

Takardar rajista kuwa tana buƙatar mutum ya yi rantsuwa cewa ya cancanta, rantsuwar ƙarya kuma sabon babban laifi ce. A Agusta 2022 DeSantis ya sanar da kama mutum 20 da suka yi zaɓen 2020 alhali laifukansu na cikin waɗanda gyaran bai shafa ba. Da yawansu hukuma ce ta karɓi takardunsu ta aika musu katin zaɓe. Hotunan bidiyo na kamen sun nuna wasunsu cikin ruɗani suna tambayar 'yan sanda me suka yi. Mutum 20 ba komai ba ne a jihar da ke da masu zaɓe sama da miliyan goma, amma saƙon ya isa kunnen dubbai: idan kana shakka, zauna gida. A ganina wannan shi ne babban aikin da dokokin nan ke yi a yau. Waɗanda tsoro da rashin sani ke hanawa, har da masu cikakken haƙƙi, ba sa shiga kowane lissafi.

Masu goyon bayan hanawa suna da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa wanda ya ƙi bin doka bai dace ya shiga zaɓen masu yin doka ba, musamman a ƙasar da ake zaɓen alƙalai da masu gabatar da ƙara da shugabannin 'yan sandan yanki. Suna kuma cewa diyyar wanda aka cuta ɓangare ce ta hukunci, ba haraji ba. Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu. Wanda aka yi wa haddin ƙazafi ba a karɓar shaidarsa, amma malamai sun yi saɓani a kan abin da zai biyo bayan tuba: Malikawa da Shafi'awa suka ce idan ya tuba ya gyara hali a karɓa, Hanafawa suka ce ko ya tuba ba a karɓa. Malamanmu da dama kan ce ƙuri'a ma shaida ce. Ni dai ina ganin hujjar hanawa tana da ƙarfi muddin mutum na cikin hukunci, tana kuma raunana ranar da alƙali ya ce ya gama. Batun diyya abin dubawa ne. Amma a ce ƙuri'a ta rataya a kan kuɗin kotun da hukuma kanta ba ta san adadinsa ba, wannan ba shi da madafa, musamman a ƙasar da ta haramta harajin zaɓe a zaɓukan tarayya tun 1964.

'Yan siyasar ɓangarorin biyu suna lissafin cewa waɗannan ƙuri'u na 'yan Democrat ne. Lissafin bai cika ba. Cikin miliyan 4 ɗin nan, baƙaƙen fata kimanin miliyan 1.3 ne, sauran kuma akwai fararen fata talakawan karkara masu yawa. Ga shi kuma waɗanda aka mayar wa haƙƙin ba su cika fitowa zaɓe da yawa ba.

Wani abin mamaki shi ne duk wannan tsanani a kan mai zaɓe yake, ban da ɗan takara. Sharuɗɗan zama shugaban Amurka uku ne: shekara 35, zama ɗan ƙasa tun haihuwa, da zaman shekara 14 a ƙasar. Eugene Debs ya yi takara daga gidan yarin Atlanta a 1920 ya sami ƙuri'a sama da 900,000. A Najeriya abin a juye yake. Kundin 1999 ya hana wanda aka hukunta kan laifin rashin gaskiya tsayawa takara har shekara 10, amma bai hana wanda ya fito daga gidan yari yin rajistar zaɓe ba.

Tamu matsalar tana cikin gidajen gyaran halin ne. Kanada ta bar fursunoni su yi zaɓe bayan hukuncin kotun ƙolinta na 2002, Afirka ta Kudu tun 1999. A Najeriya ma babbar kotun tarayya da ke Benin ta yanke a Disamba 2014 cewa fursunoni na da haƙƙin zaɓe, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2018. An yi zaɓen 2019, an yi na 2023, ba a kai akwati gidan yari ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare kuwa jiran shari'a suke yi, babu alƙalin da ya same su da laifin komai. Ya kamata INEC da Majalisar Tarayya su fito da tsarin yi musu rajista da kai musu akwati kafin babban zaɓe mai zuwa.